Ranar da Aka Wanke Tukunyar Gidan Ko

An wanke tukunyar gidan Ko ranar ashirin da huɗu ga watan ƙarshen shekara. Romon da ya shekara hamsin da biyu ba a taɓa ganin gindinsa ba aka tuttular a kwata, aka bi tukunyar da sabulu da soson ƙarfe har ta yi fes. Ba maƙiyi ya yi wannan aiki ba. Baƙuwa ce, kuma alheri ta yi niyya.

Mai tukunyar, Ko Tianding, wanda kowa a garin Jilong ke ce wa A-Ding, yana can kan dutse a lokacin yana cika wa surukinsa baki.

A-Ding agwagwa yake sayarwa, da ƙwai da awara da ƙafar kaza, duk dafaffu a baƙin romo, a rumfarsa ta layin ɗakin bauta. Masu irin wannan sana'a sun fi talatin a garin. Abin da ya raba shi da su ita ce uwar tukunyar da ke bayan kicin ɗinsa a gida. Kullum da sassafe zai tafasa ta, ya ɗebi na ranar ya tafi kasuwa. Da yamma ya tace ragowar ya mayar, ya ƙara ruwa da ruwan waken suya da kirfa da citta, da wasu abubuwan da ko 'yarsa bai faɗa wa ba. Ubansa ya ɗora ta tun A-Ding na ɗan shekara biyar. Duk agwagwar da ta taɓa shiga cikinta ta bar wani abu a ciki. Irin wannan ba a sayensa a kanti, ba a kuma haɗa shi a shekara goma.

'Yarsa Peiru, ita kaɗai gare shi, wata uku ke nan da aurenta. Iyayen mijin masunta ne daga tsibirin Penghu, Ong Shuimu da matarsa Meiju. Sun zo yin sabuwar shekara wurin ɗansu a Taipei, suka ce sai sun fara biyowa sun gai da suruki. Ɗan yana wurin aiki, Peiru ce ta rako su. A-Ding, da bai rufe rumfa ba tun rasuwar matarsa shekara shida da suka wuce, ranar ya rufe. Suruki ya haye teku ya zo gidanka, dole ne ka hau da shi dutse ya ga gari, ka cika masa ciki har sai ya roƙe ka ka bari.

Da safe suka kunna turare, suka ƙona takardun bauta, suka sallami allolin gida suka tafi sama kai rahoton shekara. Da zarar sun tafi, abin da ke biyo baya shara ce daga rufi har ƙasa, kada dattin tsohuwar shekara ya tsallaka cikin sabuwa. A-Ding bai yi wannan shara ba tun da ya zama gwauro. Ya ga Meiju tana bin silin da ido. Ya ga ta shafa tebur da yatsa, ta duba yatsan, ta goge a zaninta.

"Ni ku bar ni a gida," in ji ta. "Gwiwoyin nan ba sa hawa dutse."

"To kwanta ki huta, Surukuwa. Ga shayi, ga talabijin. Kada ki taɓa komai."

"Me zan taɓa? Ku dai tafi."

Mai gida ya ce wa baƙo kada ya taɓa komai, ladabi ne. Baƙon kirki kuwa ba ya ji, yana ganin an fita zai ɗauki tsintsiya. A-Ding ya san haka sarai, shi ma haka yake yi a gidajen mutane. Amma hankalinsa na kan wani takalmin hawa dutse da Peiru ta saya masa, yana matse masa ɗan yatsa, ya fita yana tsaki.

Dutsen da ke bayan garin matakala ɗari tara ce da ɗoriya. Ana ɗan yayyafi, kamar yadda aka saba a Jilong. Ong shekararsa sittin da takwas, siriri, rana ta ƙone shi kamar busasshen kifi, amma hawa yake kamar akuya, hannu a baya. A-Ding ya girme shi da tumbi kawai. Ba su kai rabi ba ya kama ƙarfen gefe yana haki.

"Suruki, ko in goya ka?" in ji Ong daga sama.

"Goya wa? Tsayawa na yi in nuna maka gari."

"Garin yana bayanka, kai kuwa ƙafarka kake kallo."

Peiru ta miƙa masa gora. "Baba, sha ruwa. Fuskarka ta koma kalar romonka."

"Ke kuma daga aure kin koma ɓangarensu ke nan."

Wasu tsofaffin mata suka wuce su da sanduna da 'yar rediyo tana waƙa, ɗaya ta dubi A-Ding ta ce, "A'a, mai agwagwa! Yau wa ya mutu ka rufe?" Ya ce mata ba wanda ya mutu tukuna, amma in aka ƙara matakala ɗari za a samu.

A sama akwai rumfar hutawa da bencin dutse. Daga nan ana ganin komai: tashar jiragen ruwa, manyan ƙugiyoyi na sauke akwatunan kaya, gidaje a cushe a jikin tsaunuka kamar za su zamo su faɗa ruwa, can nesa ga tsibiri ɗaya tsaye cikin hazo. Ong ya daɗe yana kallon jiragen. Ya ce tekunku baƙi ne, namu shuɗi. A-Ding ya ji haushi. An kushe masa teku, sai ya koma ga abin da ba mai iya kushewa.

"Ka ga jan rufin can? Ɗakin bauta ne. Rumfata na gefensa. Daga Taipei mutane ke shiga jirgin ƙasa don ƙwaina biyu. Shekarar babbar guguwa ruwa ya shigo gidanmu har ƙugu. Tukunyar na fara ɗauka na hau bene, sannan na dawo na ɗauki tsohuwa."

"Tsohuwar da ta haife ka?"

"Ita tana iya riƙe ƙofa. Tukunya ba ta da hannu."

"Da gaske yake," in ji Peiru. "Kaka har ta mutu tana yi masa gori."

Ong ya yi dariya har yana dukan cinya. "To shekara hamsin da biyu, ba a taɓa wanke ta ba?"

"Wanke ta? Wanda ya sa mata sabulu, ni da shi sai ɗaya ya bar duniya."

Ong ya ƙara fashewa da dariya. Ko a ransa bai kawo matarsa ba.

Saukowa ta fi sauƙi, yunwa ce ta turo su. A-Ding ya shige gaba, ya bi da su layi layi. Suka sha miyar ƙaguwa mai kauri a tsaye, ya ce an cika mata sitaci. Suka ci kawa, wani dodon koɗi na teku, soyayya da ƙwai, ya ce kawar ta kwana. Ong, mutumin da ya shekara hamsin cikin ƙarnin kifi, ya toshe hanci a gaban mai awara mai wari, Peiru ta tilasta masa ɗanɗanawa, ya cinye nasa ya sa tsinke a nata. Duk inda suka tsaya, mai rumfar zai ƙi karɓar kuɗin A-Ding, A-Ding ya ƙi yarda, a yi ta turereniya da hannu har sai ya jefa kuɗin cikin kwano ya gudu. Suna barin wurin kuma ya rage murya ya faɗi aibin abincin.

Da suka ɓullo kusa da tashar jirgin ƙasa, Ong ya hango wani layi da ya lanƙwasa har bayan shagon magani. Ƙamshin ya dake shi.

"Wancan fa? Irin naka ne, ko?"

"Baba Ong, mu bi ta nan, akwai mai alawar gyaɗa," in ji Peiru da sauri, tana jan hannun rigarsa.

Ina. Tsohon ya riga ya shiga layi. A-Ding ya juya wa rumfar baya, ya tsaya yana karanta jadawalin motoci kamar zai yi tafiya.

Rumfar ƙanensa ce, Ko Tianlai, A-Lai. Shekara goma sha tara ba su yi magana ba. Ranar da aka tashi daga makokin ubansu, A-Lai ya nemi a ɗiba masa romo kaɗan ya je ya kafa tasa sana'ar. A-Ding ya hana. Ya ce tukunya da allon rumfa na babba ne, in A-Lai na son zama, ga wanke-wanke nan. A-Lai ya tattara kayansa ya bar gidan. A-Ding ya san ya buɗe rumfa a bakin tasha, yana jin ana yaba ta, amma bai taɓa sa abin wurin a bakinsa ba. Me zai ɗanɗana a ruwan jiya?

Ong ya dawo da leda, yana tauna. Ya soke ƙwai ɗaya da tsinke ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ɗanɗana, Suruki. Ni dai bakina na masunci ne, amma wannan da naka na jiya ban ga bambanci ba."

Abin da suruki ya miƙo da hannu biyu ba a mayar da shi. A-Ding ya karɓa ya gatsa don a wuce wurin.

Ya tsaya cak.

Ya sake gatsa. Can ƙasan gishiri da zaƙi akwai wani ɗan ɗaci-ɗaci na ɓawon lemo da aka gasa, da wani nauyi da ke zama a bayan harshe. Mutum ɗaya ya san yana gasa ɓawon lemo haka, kuma ya shekara goma sha tara a kabari. Nauyin kuwa ba a yin sa da wayo, shekaru ke yin sa. Romon ubansa ne. Romonsa ne, a bakin tasha, a tukunyar wani.

Bai san lokacin da ya ture mutanen layi ba.

A-Lai na tsaye bayan katako, gajere mai sanƙo, da tawul a wuya, yana sara agwagwa. Ya ɗago ya dube shi, ya ci gaba da sara.

"A'a, Yaya ne? Koma baya, akwai mutane gabanka."

"Ina ka samo romon Baba?"

"Baban wa? Naka kai kaɗai?"

"Ɓarawo! Sata ka yi! Yaushe ka shigar mini gida?"

"Rage murya, Yaya. Kana tofa mini yawu a nama."

A-Ding ya yi jifa da ragowar ƙwan a ƙasa, ya sa sabon takalminsa ya murje. Ya juya ga layin.

"Ku da kuka jeru nan, kayan sata kuke ci! Na gaske yana layin ɗakin bauta, ƙarƙashin allon Tsoho Ko. Wannan ɗaurayen tukunyata ne. Wannan mutum ko kwano bai iya wankewa ba aka kore shi daga gida!"

Wata mata ta janye jikarta. A-Lai ya ajiye wuƙar. Kunnuwansa sun yi ja, amma muryarsa ba ta tashi ba.

"Ka gama? A gaban baƙonka? A gaban 'yarka? To sauka lafiya." Ya dubi bayan A-Ding. "Mai bi. Fiffike nawa?"

Ong na tsaye da leda a hannu, baki buɗe. Peiru ta rufe fuska da gyalenta. Har suka isa gida ba wanda ya yi magana, in ban da A-Ding da ke ta faɗa shi kaɗai: zai kai ƙara, zai tara dattawan kasuwa, zai sa a kife waccan tukunya a tsakiyar titi.

Tun daga ƙofa ya ji gidan ba daidai ba. Gidan Ko kirfa yake yi, har tufafinsu. Yau sabulu yake yi.

An buɗe tagogi. An cire labule an wanke. Silin fari tas. Meiju ta fito daga kicin, hannun riga a naɗe, hannayenta jajur, gumi a goshi, fuska cike da murna.

"Kun dawo? Ku cire takalma, yanzu na goge. Suruki, kada ka ce komai, gidan ɗana ne ai. Ranar shara ce, in zauna ina kallon talabijin? Na yi ɗakuna, na yi banɗaki. Sai wata tukunya can baya, an rufe ta da buhu. Kai, ban taɓa ganin irinta ba. Kitse ya daskare a sama kamar kaurin tafin hannu, ƙarƙashi baƙi ƙirin kamar man jirgi. Na ce wayyo, wannan tun marigayiya na da rai aka manta da ita. Bokiti shida na kwashe. Awa biyu ina kankara. Ashe fara ce! Zo ka gani."

A-Ding ya bi ta kamar wanda ake ja da igiya. Tukunyar na nan a kife bisa bulo biyu, tana ɗiga. Fara sol, tana ɗaukar ido. Tunda yake bai taɓa sanin kalarta ba. Ya durƙusa ya juyo ta, ya leƙa ciki, ya ga fuskarsa.

Ya fita ƙofar baya da gudu ba takalmi. Kwatar na gudu da ruwan sama. Ya ɗage murfin ƙarfen, ya zura hannu har gwiwa, ya shafo jikin siminti, ya kai hanci. Sabulu. Ya sake zurawa. Sabulu da taɓo. Da ranar kasuwa ce, da akwai na rumfa a gefe, a sake ɗora wata uwar da shi. Amma ya rufe rumfa. Jiya da yamma ya tace komai ya mayar ciki, har ɗigon ƙarshe, da hannunsa.

Da ya dawo ciki, a jiƙe, hannu baƙi, ya tarar da Ong ya yi fari fat. Tsohon yana nuna matarsa da yatsa.

"Ke! Ke wace irin mata ce? Kin san abin da kika..."

Murmushin Meiju ya fara gushewa. Ta dubi mijinta, ta dubi A-Ding. "Me? Me na yi?"

Maganar na bakin A-Ding. Ya ji ta taso masa tun daga ciki, irin wadda ya yi a bakin tasha, har ta fi ta. Sai idonsa ya faɗa kan Peiru. Tana tsaye bayan uwar mijinta, ta haɗa hannuwa a ƙirji, tana girgiza masa kai a hankali. Wata uku da aure. Wannan mata za ta zauna da ita shekara ashirin ko talatin, ita za ta yi mata jego, ita za ta ce ta iya ko ba ta iya ba. In aka kunyata ta yau a gidan nan, ba A-Ding zai biya ba. Kowace sabuwar shekara za a tuna, kuma a kan Peiru za a sauke.

Ya haɗiye. Ya goge hannu a wando, ya haɗa ƙafafu, ya sunkuya har kansa ya kusa kai ƙugu.

"Na gode, Surukuwa. Kin sha wahala. Na daɗe ina son wanke ta, ƙarfi ne ba ni da shi."

Ong ya buɗe baki. A-Ding ya kama kafaɗarsa ya matse har tsohon ya ji a ƙashi.

"Suruki, zauna a kawo maka shayi. Ka gaji da hawa dutse."

Ong ya zauna. Idonsa ya kawo ruwa, ya juya yana kallon bango. Meiju ta sauke ajiyar zuciya ta ce ai ta faɗa, namiji shi kaɗai ba ya iya gida.

A bayan kicin A-Ding ya zauna kan bokitin da aka kwashe romonsa da shi. Peiru ta tsuguna gabansa.

"Baba."

"Kada ki faɗa."

"Saura wuri ɗaya."

"Na ce kada ki faɗa!"

Ya yi ta juya abin. Yana iya haɗa sabon romo yau, ya zuba kayan ƙamshi ninki biyu, ya buɗe gobe kamar ba a yi komai ba. Baƙi daga Taipei ba za su gane ba. Amma akwai tsofaffin da suka shekara arba'in suna ci, waɗanda nan da kwana biyar za su zo karɓar agwagwar da za su miƙa wa kakanninsu da suka mutu. Lomar farko za su ajiye tsinke su dube shi. Kafin yamma duk layi ya ji. Abin da ubansa ya bari zai ƙare a hannunsa, a kwata.

Ya tashi ya sa tsohon silifas ɗinsa ya fita.

Ya tarar A-Lai na kwashe kaya, komai ya ƙare tun kafin la'asar sakaliya. Wurin da ya murje ƙwan an share. A-Ding ya tsaya nesa kaɗan, hannuwa a gefe.

"Ka manta wani zagin ne?" in ji A-Lai, bai juyo ba.

"An zubar."

"An zubar da me?"

"Tukunyar. An wanke ta. Da sabulu."

Tiren da ke hannun A-Lai ya faɗi ƙasa. Ya juyo. Ya daɗe yana duban yayansa ko zai ga alamar wasa. Sai ya nemi kujera ya zauna, ya cire tawul ɗin wuyansa ya toshe baki da shi.

"Tukunyar Baba? Duka?"

"Duka."

"Kai kana ina?"

"Kan dutse."

"Kan dutse." A-Lai ya gyaɗa kai sau da yawa. "Shekara goma sha tara ka hana ni ko leƙa ta, wai ni ba ni da hankali. Kan dutse."

A-Ding ya sunkuyar da kai. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ka ɗiba mini. Ko kaɗan ne. Maganar satar na bar ta."

"Ka bar ta? Sannu da ƙoƙari. Ban saci komai ba, Yaya. Matarka ce ta kawo mini."

"Ƙarya kake!"

"Kwana uku bayan ka kore ni. A butar shayi, ta ɓoye ƙarƙashin kayan wanki. Ina kwana a shagon wani abokina lokacin. Ta ajiye ta ce uba ɗaya ya haife ku, ta juya ta tafi. Ita ta faɗa mini yadda ake gasa ɓawon lemon ma."

A-Ding ya nemi abin dafawa, ya kama sandar rumfa. Suhua. Matar da ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Shekara goma sha uku bayan nan ta zauna da shi, tana jin yana zagin A-Lai a kan abinci, tana ƙara masa shinkafa. Har ta mutu ba ta faɗa ba.

"Zan ba ka," in ji A-Lai. "Ba don kai ba. Amma ranar da ka kore ni ka ce allo yana bin uwar tukunya, ba sa rabuwa. To yau uwar tukunya tana ina?"

A-Ding ya dubi baƙar tukunyar da ke kan murhu a bayan ƙanensa.

"A-Lai, allon nan Baba da kansa ya..."

"Na sani, ina wurin, ni na riƙe masa fenti. Gobe da rana tsaka, lokacin da layi ya fi tsawo. Ka kawo shi da ƙafa, a bayanka, ba a babur ba. Ka tsaya inda ka tsaya ɗazu, ka faɗa wa mutane ƙarya ka yi. Sannan ka zuba mini shayi, a durƙushe."

"Ni ne babba!"

"Ɗazu ma kai ne babba. In ba ka so, sabulu ba ya tsada, ka ƙara wa tukunyarka."

Washegari Peiru ta sa surukanta a jirgin ƙasa na safe zuwa Taipei. Meiju ta tafi tana yi wa A-Ding nasiha a kan goge taga. Ong ya riƙe hannunsa ya kasa saki, sai da jirgi ya yi ƙara.

Da hantsi A-Ding ya hau kujera a gaban rumfarsa ya zare ƙusoshi huɗu. Allon baƙin katako ne mai rubutun ruwan zinare, ya fi ƙofa faɗi, hayaƙi ya ƙara masa nauyi. Ya ɗaure shi a baya da igiya. Mai miyar ƙaguwa ya bar ludayi a tukunya ya fito. Mai kawa ta ce, "A-Ding, lafiya? Gyara za a yi masa?" Ya ratsa layin ɗakin bauta daga farko har ƙarshe a duƙe, mutane na darewa, ya bi babban titi cikin yayyafi har bakin tasha.

Layin ya kai bayan shagon magani. Ya jingine allon, ya juya ga mutane, ya ce abin da ya faɗa jiya ƙarya ne, ƙanensa bai saci komai ba, kuma romon Tsoho Ko na gaske a nan yake, babu shi a ko'ina. A-Lai ya ce na baya ba su ji ba, A-Ding ya sake faɗa. Sannan ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti, gwiwa biyu, mutum mai shekara hamsin da bakwai, ya miƙa wa ƙanensa kofin shayi da hannu biyu. A-Lai ya sha a tsaye, bai yi sauri ba. Ya cika gwangwani ɗaya da romo, ya rufe, ya ajiye a gefen katako.

Bai ba shi nan take ba. Ya jawo tsani ya jingina da rumfa, ya sa ƙusoshi a baki, ya ɗauki guduma.

"Riƙe mini, Yaya. Kada ka bari ya goce."

A-Ding ya riƙe tsanin da hannu biyu, kansa a ƙasa, yana jin kowane bugu a tafin hannunsa, har aka gama kafa sunan ubansa a kan rumfar A-Lai.